Ƙashin Bayan Akuya

Ranar Laraba ƙafafun Tsahara suka daina ɗaukarta, a bakin rijiyar Jiratawa, da tulu a kanta.

A garin Tsibiri aka ce bugun iska ne. Wanzami ya yi mata ƙaho har bayanta ya koma rariya. Bature lokotoro, likitan Maraɗi, ya ce tarin fuka ne ya kama ƙashin baya, ya sa aka kwantar da ita cikin filasta daga wuya zuwa ƙugu.

Jibo, ma'aikacin lokotoron, shi ne saurayinta. Samari na kai turare zance, shi ƙashin bayan akuya ya kai.

"Tsafi za ka yi mini?" ta ce.

Ya zura kara ta cikin ramin ƙasusuwan.

"Dubi, abar raina. Wanga rami nan laka take bi, ita ke kai saƙo ƙafa. Ciwo ya ci ƙashi guda, ya matse ta. Ki kwanta shekara, hanya za ta buɗe."

Uwarsa ta ce ba za ta karɓi surukar da za a ɗauko kwance a kan ƙyaure ba. Zuliha, 'yar kawunsa da ake masa tanadi, ta je dubiya da fura da murmushi.

"Sannu, 'yar uwa... Yaya Jibo akwai tausayi! Ko kare ya karye sai ya ɗora."

Da Jibo ya zo, Tsahara ba ta dube shi ba.

"Kar ka ƙara shigowa gidan nan sai na tarbe ka a tsaye!"

"Tsahara..."

"Na gama."

Shi ma ɗan girman kai ne. Ya fita. Kowace Juma'a yakan tuƙo keke har bayan dangarsu, ya saurari muryarta, ya juya.

Bayan wata goma sha huɗu, yana wanke allurai, ya ji sanda na ƙwanƙwasa siminti. Ga ta da ɗan doro, kai a sama.

"Malam Jibo, ga ni tsaye. Yanzu ka yi magana!"

Aka ɗaura aure, uwarsa na kallon ƙasa.

Damina shida suka yi kafin tarin ya hau ƙirjinta. Har ta koma ga Allah tana alfahari cewa da ƙafarta ta ƙwato mijinta. Ya bar mata alfaharin, yana cewa a ransa wata rana zai faɗa mata gaskiya. Bai faɗa ba sai a bakin kabarinta.

"Ba sai kin tashi ba, Tsahara. Ko a kwance ke nake so."