Zumar da Ta Sauko Kan Gawar Kyei

"Ke kaɗai kika rage kusa da gawar."

"To ina zan je, Yaya? Ba ku kuka ce matar mamaci ba ta tashi ba?"

A haka Sufeto Ampofo ya tarar da su a wani ƙauye bayan Techiman, a Ghana. Maame Dufie, yayar marigayi Kyei, ta riƙe zanen matarsa Afrakoma tamau. Sarƙar zinaren dangi da aka rataya wa gawa ta yi ƙafa, kuma Dufie ta rantse in ba ta fito ba, Afrakoma ba za ta sake kwana gidan ba.

"Mama, sake ta tukuna. Me ya faru?"

"Zuma ce ta sauko mana."

"Wa ta harba?"

Aka yi ta kallon juna. Babu ko mutum ɗaya mai kumburi, sai fasto da ya gurɗe ƙafa wajen tsallake benci. Bara zuma ta taɓa watsa musu jana'iza, tun daga nan ko sauro ya yi kuka sai sun duba sama.

"Ke me kika gani?" ya tambayi Afrakoma.

"Cikin zanena, ranka ya daɗe. Lulluɓa na yi ina jiran mutuwa."

Kan sufeto ya ɗaure. Ya koma gefe ya sa aka kira Berko mai hoto, ya zo rungume da ɗan jirginsa na ɗaukar hoto daga sama, mai farfela huɗu.

"In yana can sama ba ka jinsa," in ji Berko. "Amma in ya sauko da sauri sai farfelar ta kama gurnani, sak zuma."

"Wa ya ce ka sauko da shi?"

"Wani ne ya yafuto ni da jan ƙyalle."

Sufeto ya waiga. Duk gidan jan ƙyalle ne, kayan makokinsu ke nan.

"To hoton fa?"

Berko ya sosa ƙeya. "Rufin rumfa kawai ya ɗauka. Da na ga kowa na gudu, ni ma na bi."

Saura Donkor, ɗan 'yar'uwar marigayi, mai gadon gida bisa al'adarsu. Ya ce shi ya fi kowa tsoron zuma, sai a gonar rogo ya tsaya.

Sufeto bai gane komai ba, gaskiya. Ya dai raɗa wa Berko wata magana, ya zaunar da kowa a rumfa, aka kawo lemo.

Can sai gurnani ya taso daga sama. Kafin ka ce me, kujeru sun kife, fasto ya manta da targaɗe, kofur ɗin sufeto ma ya shige bayan tanki. Afrakoma ta lulluɓe. Donkor kuwa yana zaune, kwalba a baki.

"Yanzu ba ka tsoron zuma?" in ji sufeto.

"Ai jirgi ne."

"Ko ɗaga kai ba ka yi ba, yaya ka sani?"

Donkor ya ajiye kwalbar a hankali. Shi ya yafuto jirgin, sarƙar kuma na cikin buhun masara, in ji shi. Ba sayarwa zai yi ba, so yake a kori matar kawu ya shiga gidan da wuri.

Kofur ya kakkaɓe wando ya tasa shi gaba.

Dufie ta gyara murya. "Afrakoma, ƙanwata, zo ki zauna mana."

Afrakoma ta dube ta sama da ƙasa, ta wuce ɗakinta, ta bugo ƙofa har sai da fasto ya sake zabura.