Bishiyar Mama a Gaban Majalisa

"Hajni, ki matsa. Don Allah ki matsa."

Ban matsa ba.

Na jingina bayana da bishiyar, tafin hannuna a kan ɓawonta. Tsakar gidanmu cike da maza masu rigar aiki, motar ɗaga kaya ta toshe hanya, rabin ƙauye kuma ya jeru a bakin shinge yana ɗaukar hoto. Mai roƙon nawa Botond ne, mutumin da zobensa ke yatsana.

"Ka yi mini alkawari," na ce.

"Na yi, zuciyata. Amma kin ji abin da na gaya wa Baba..."

Babana ya tako a hankali ya kama hannuna.

"Taho, 'yata. Bishiyar nan ciwo gare ta. Ba na so ta faɗo mana a kan rufi kina ciki."

Mama ce ta dasa bishiyar. Kirsimetinsu na farko da Baba ta sayo ta a tukunya, da biki ya wuce ta ƙi yarda a jefar. Shekara arba'in ke nan. Ta zarce hasumiyar coci tsawo, kuma tun da Mama ta rasu, a gindinta Baba ke shan kofi kowace safiya, yana ba ta labarin gari.

Ita ce ta kawo mana Botond. Aikinsa yawon ƙauyuka, yana nemo bishiyar Kirsimeti da za a kafa a gaban majalisa a Budapest. Bazarar da ta gabata ya hango tamu daga kan titi, ya tsaya. Baba ya kore shi. Ya sake dawowa, aka sake korarsa. Zuwansa na uku ko ɗaga kai bai yi ba, ni ya tambaya.

Gwaggo Etelka, ƙanwar Baba, ba ta taɓa yarda da shi ba. Tun farko ta gargaɗi Baba.

"Yaron birni mai takalmi fes? Dezső, ka buɗe ido. Katako ya zo nema, ya tarar da 'ya."

Ranar da ya sa mini zobe, abu ɗaya na roƙa.

"Bishiyar Mama ba ta cikin aikinka."

"Har abada, masoyiyata. Ko hotonta babu mai gani."

Sannu a hankali Baba ya sauko, har ya fara kiransa "ɗana", yana zuba masa giyar palinka da hannunsa.

Sai kaka ta zo, guguwa ta karya bishiyar da suka zaɓa a arewa. Bayan 'yan kwanaki Botond ya zo ina wurin aiki. Ya zaga tamu, ya ƙwanƙwasa ta, ya gaya wa Baba cikinta ya ruɓe, ba za ta wuce sanyi biyu ba. Ya ce in dai sara za a yi, gara ƙasa duka ta gan ta. Baba ya ce, "Kai ka san aikinka, ɗana."

Shi ya sa da Baba ya ja ni, na bi shi.

Suka ɗaure ta da igiyoyi daga sama. Injin zarto ya tashi. Na toshe kunnuwana, amma ƙarar ta cikin ƙafafuna take shigowa. Ba ta ma faɗi ba, ɗaga ta aka yi cak, tana juyawa a iska, mutane na tafi.

Baba ya ƙarasa wurin kututturen ya tsaya.

Fari tas. Babu rami, babu baƙi ko ɗigo, ƙaro ne kawai ke tsatsowa.

Ya durƙusa ya shafa shi daga gefe zuwa gefe.

Kinga ta matso tana murmushi. Abokiyar aikin Botond ce, na daɗe da lura da irin kallon da take masa. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kai Botond, ka cika gwani. Lafiyayya garau, kamar yadda ka faɗa wa shugaba. Ashe matar taka ba ta san kai ka kawo hoton ba? Wayyo, bakina..."

Ta rufe baki da safar hannu, idonta na dariya.

Na juya na dube shi.

"Gaskiya ne?"

"Hajni, bari mu shiga ciki..."

"Gaskiya ne?"

Direban tirela ya danna hon, 'yan sandan rakiya suka kunna fitilunsu, Botond ya bi su ya tafi.

Gwaggo ba ta ce ta faɗa ba. Da ma ta faɗa, da ya fi mini sauƙi. Kujerar shan kofin Baba kawai ta ɗauka ta shigar kicin.

An gayyace mu bikin kunna fitilun bishiyar, Lahadin farko ta shirin Kirsimeti. Baba ya ce ƙafarsa na ciwo. Ni na hau jirgin ƙasa zuwa Budapest.

Na isa ana dab da faɗuwar rana. Filin gaban majalisa ya cika maƙil, ƙamshin ruwan inabi mai zafi da gasasshen burodi mai kirfa ya cika iska, yara a kan wuyan iyayensu. Ga bishiyarmu can a tsakiya. Da ƙyar na gane ta. Sun cike gurbin rassan da suka karye a hanya, sun lulluɓe ta da ƙwallayen zinariya, tauraro a kanta.

Botond ya hango ni, ya ratsa mutane da gudu.

"Kin zo. Na san za ki zo, rayuwata."

"Na zo."

"Ki saurare ni. An ƙara mini girma. Yanzu zan iya kama mana gida a nan, ki daina shan sanyin ƙauye. Don mu na yi, Hajni. Ko uwata da take cewa ba za ta karɓi 'yar ƙauye ba, yau ta ce in kawo ki cin abinci."

"Me ya sa ba ka roƙe shi ba?"

"Zai ƙi."

"Eh, zai ƙi. Tasa ce."

"Itace ne fa, Hajni. Wata rana dole ya mutu."

"Ɗana yake ce maka."

Ya sunkuyar da kai. Na jira ya ce ya yi kuskure. Wallahi da ya faɗa a lokacin, ban san me zan yi ba, don har yanzu ƙamshin rigarsa na raunana ni.

Sai ya ce, "Da Kinga ta yi shiru, da babu wanda ya ji ciwo."

A kan dandamali mai gabatarwa ya kira sunan ƙauyenmu, ya gode wa iyalinmu "da suka ba da kyautar da farin ciki". Yara masu jajayen huluna suka fara waƙa. Taro ya ɗauki ƙirge.

Fitilunta suka kama gaba ɗaya. Filin ya ɗauki ihu.

Tana da kyau. Wannan ne ya fi ƙona mini rai. Wata yarinya kusa da ni ta buɗe baki tana kallo, ta manta da alewar hannunta, ni kuma hawaye na daskarewa a kumatuna.

Na zare zoben na sa masa a aljihu.

"Hajni, kar ki yi mana haka..."

"Je ka, ana nemanka. Ga Kinga can tana riƙe maka kofi."

Bayan biki muka ji an yanka ta an raba wa mabuƙata itacen hura wuta. Baba ya ce Mama za ta so hakan. Bai ƙara ambaton maganar ba.

Botond ya zo sau ɗaya, ƙarshen sanyi, da 'yar bishiya a leda. Ina kallo ta taga. Baba ya tare shi a bakin ƙofa, bai buɗe ba.

"Baba Dezső, na kawo maka wata. Irin waccan ce."

"Shekarata saba'in da uku, malam. Kai ka dasa a gidanka."

Malam. Na ga yadda kalmar ta same shi.

Shekara ta zagayo. Muna cin abincin rana, talabijin a kunne, aka nuno wani ƙauye a gabas, da wata tsohuwa mai ɗankwali a gindin bishiyar da marigayi mijinta ya dasa. Botond na tsaye kusa da ita, ya riƙe hannunta da hannu biyu, yana mata magana ƙasa-ƙasa. Sabon zobe a yatsansa.

Tsohuwar tana gyaɗa kai, tana share ido.

Na miƙe zan kashe.

"Bar shi," in ji Baba, cokali a hannunsa. "Ina so in ga kututturen."

Ba su nuna ba.