Ramin da ke Gindin Bango

Da na dawo unguwarmu Limawa, a garin Dutse, daga Legas, na tarar an sare darbejiyar ƙofar gida, rijiya ta koma bohol, ƙanwata Mashkura ta yi tsawon da sai da na sake dubanta. Ɗakin Umma ne kawai bai canja ba. Siminti tsirara, mai sanyi, a kansa take salla da ciwon gwiwa.

Shimfiɗa laminet na koyo a can, katakon daɓe mai shiga cikin juna. Na ce zan yi mata. Ta ce, "Ziyad, kada dai ka taɓa tayil ɗin gindin bango. Marigayi mahaifinku ya hana."

Ban taɓa ba. Na share siminti, na shimfiɗa leda da soso, na fara jeri daga kusurwar gabas. A nan na ga wani rami ƙarƙashin tayil, yatsa biyu za su shiga. Na ɗauka na ɓera ne. Na cike shi da siminti, katakon farko ya hau kai.

Da magariba gidan ya yi wani irin shiru. Kaji suka ƙi shiga akurki. Sai tsakuwa ta faɗo a kan kwano, wata ta biyo ta. Can sai ƙwanƙwasa daga ƙarƙashin daɓen, a hankali. Na ce wa Umma katako ne ke zama. Ita kuwa Umma, Mashkura take kallo, wadda ta durƙusa a kusurwar tana kartar katako har farcenta ya fashe.

Haka muka yi ta yi duk magariba. Yarinya ta daina cin abinci, idonta ya faɗa. Sai kawunmu ya ɗauko Malam Bubayero, mai ruƙiyya, daga Kafin Hausa.

Malam ya daɗe yana karatu kafin bakin Mashkura ya buɗe. Muryar tsohuwa ce.

"Na fita neman ruwa, na dawo an toshe mini ƙofa. 'Ya'yana suna ciki."

"Shi ne za ki kama yarinyar da ba ruwanta?" in ji Malam.

"To a ba ni hannun da ya toshe."

Na ɓoye hannuna a aljihu.

"Ba za a ba ki ba. Za a buɗe, ki kwashe 'ya'yanki ki bar gidan."

"In tafi ina, Malam? Duk Dutse kun zuba siminti."

Malam ya ce, "To zauna. Amma yarinyar nan kin rabu da ita." Ya juyo. "Ɗaga katakon kusurwa."

"Allah gafarta Malam, shi ne na farko. Ba ya fita sai an kwance ɗakin gaba ɗaya."

"To kwance."

Na kwance, ɗaya bayan ɗaya, suna kallona. Da na fasa simintin, iska mai sanyi ta bi ta bayan hannuna. Mashkura ta yi atishawa, ta ce tana jin yunwa.

Ranar da nake haɗa jaka zan koma Legas, Umma ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta ce in zauna ba.

"Katakon nan fa da ka jibge mini a tsakar gida?"

"A yi girki da shi, Umma."

"Na gwada. Hayaƙi ne kawai."

Na danna guduma cikin jaka, na ja zif.