Kwaɗo Mai Makulli Ɗaya

Shekarar da aka yanke mana jihar Kebbi ɓarayi suka addabi Wara. Mu ma ba su bar mu ba. Da rana tsaka, ina bakin ruwa wajen sayen kifin da nake bandawa, suka fasa ɗakina suka kwashe rediyo da atamfofina da kwanukan aurena. Kwaɗon da ke ƙofar kuwa, da ƙusa kawai suka buɗe shi, 'yan banza, ko wahalar karya shi ba su yi ba.

Mijina Tanimu tuƙin jirgin fito yake yi, ba ya wuni gida. Na ce masa ni Mairo ba za a maimaita min wannan wulaƙancin ba. Ranar kasuwa na goya ɗiyata Yasira, wadda ko rarrafe ba ta fara ba, na hau mota sai Yauri.

Rumfar wani dattijo na shiga, Maikuɗi mai kayan ƙarfe. Ya baje min kwaɗuna masu ƙyalli, na ture su gefe.

"Baba, irin waɗannan aka buɗe min da ƙusa. Na ƙwarai nake so."

"To ki duba nauyi, ɗiyata, ki duba kaurin wuyan. Mai sauƙi a hannu, mai sauƙi ne ga ɓarawo."

Can ƙasan akwatinsa na hango wani na tagulla, tsoho, ya yi kore-kore. Da na ɗaga shi sai da hannuna ya sauka don nauyi, ga sanyi kamar daga randa aka ciro shi.

"Bar wannan," in ji shi. "Masunta sunka tsinto shi inda ruwa ya janye. Makullinsa ɗaya ne, a maƙale da ƙusar dogarin ƙofar da kwaɗon ke jiki anka same shi. Kuma ba a sayen kwaɗo mai makulli ɗaya, don ɗayan na hannun wani."

Na yi dariya na ce wanda ke da ɗayan ai kifi ya daɗe da cinye shi. Taurin kai gare ni, kowa ya sani. Na saya.

Kwaɗon ya yi aikinsa. Ɓarayin sun dawo, mun ga shaidar guduma a jikinsa, ko gezau bai yi ba. Har gori na riƙa yi wa maƙwabciyata Ruth, wadda katanga ɗaya ta raba mu. Abu ɗaya ne ya dame ni: kullum da yamma sai in tarar da shi a jiƙe, yana ɗiga, alhali ko hadari babu.

Wata ranar Laraba jiragen masunta suka makara. Sai dab da magariba aka aiko cewa sun iso. Yasira ta wuni da zazzaɓi, da ƙyar barci ya ɗauke ta, ban so in tashe ta ba. Na gyara mata shimfiɗa, na ja ƙyaure, na danna kwaɗo, na ɗaure makulli a haɓar zanena. Na ce yanzu zan dawo.

Ciniki ya ja ni. Ina kan hanyar dawowa da daro a ka aka kira salla.

Tun daga zaure na ji wari. Ba ƙarnin kifi ba, wannan na saba da shi. Warin laka ne, ta can ƙasan ruwa, wadda rana ba ta taɓa gani ba.

Kaji sun yi tsit. Akuyata ta ja igiya har ƙarshe ta manne da katanga, tana rawar jiki.

Ga sawu a tsakar gida. Jiƙaƙƙu, ƙafa babu takalmi, sun miƙe har ƙofar ɗakina. Ban ga inda suka fito ba.

Kwaɗon yana rataye a buɗe.

Na shafa haɓar zanena. Makullina yana nan.

Daron ya suɓuce daga kaina, kifi ya watse. Daga cikin ɗakin na ji ana waƙar reno a hankali, da Gunganci, yaren mutanen tsibiri, muryar na fita tana kurɓi-kurɓi kamar mai magana da ruwa a baki.

Wallahi ƙafafuna gudu suka so yi. Amma ɗiyata na ciki.

Na tura ƙyaure na shiga. Ƙafata ta nutse cikin ruwa har idon sawu. Ruwa mai sanyin tsiya, a ɗakin da na share da hannuna.

Tana zaune a bakin gadona. Mace ce, ba tsohuwa ba. Zanenta irin saƙin da, baƙi, ya manne mata a jiki. Gansakuka a gashinta. Ruwa na zuba daga hancinta da kunnuwanta ba ya tsayawa. A wuyanta zare, a jikin zaren makulli irin nawa sak.

Yasira na kan cinyarta.

Na buɗe baki in karanta Ayatul Kursiyyu, harshena ya ƙi. Ko bismilla ta gagare ni.

Bayana ƙyaure ya rufu da kansa. Sai na ji ƙas! Kwaɗon ya kulle daga waje.

Matar ta ɗago. Idanunta fari fat.

"Na daɗe ko?" ta ce da raɗa. "Na ce mata ba ni daɗewa."

Ruwan ya kai ƙwaurina.

"Baiwar Allah," na ce, "ɗiyata ce."

Ba ta ko kalle ni ba. Yasira ta farka ta tsala kuka. Matar ta zaro nono ta cusa mata a baki, sai ruwan laka ya tsiyayo. Yarinyar ta ƙware, tana tari, idanunta na juyewa.

"Mairo!" Muryar Ruth ce daga waje. "Mi ya faru? Wa ya kulle ki ciki?"

Na ja da baya har na jingina da ƙyaure. Yatsuna sun ƙi kwance ƙullin zane, da haƙori na yage shi. Na tura mata makullin ta tsagar saman ƙyaure.

"Buɗe, Ruth. Don Allah buɗe."

Na ji ya faɗi ƙasa. Na ji tana lalube tana kiran Yesu.

Ruwan ya kai gwiwata. Tabarma da ƙwarya suna yawo a kai. Kukan Yasira ya fara yin ƙasa.

Ban san inda maganar ta fito ba. Na miƙa hannuwa biyu na ce, "Yunwa take ji. Ba ni ita in ba ta nono, in maido miki."

Waƙar ta tsaya.

"Ki maido?"

"In maido."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta miƙo ta. Yatsunta suka taɓa nawa, laushi tuɓus, sanyinsu ya ratsa ni har ƙashi.

Ƙas! Ƙyaure ya buɗe. Na faɗa waje da yarinyar a ƙirji, na bi ta kan Ruth, ban tsaya ba sai ƙofar masallaci, inda maza ke sallame salla.

Da suka zo da fitilu ɗakin a bushe yake ƙayau. Gurbin zamanta kawai ya rage a bakin gado, a jiƙe.

Washegari Ruth ta gaya min abin da ta ji wajen uwarta, don su mutanen tsibiri ne kafin a tare ruwa a Kainji. Wata mata ta kulle jaririyarta a ɗaki ta haye kogi sayen gishiri, jirgi ya kife da ita. Mutane suka yaye jinka suka ciro yarinyar da ranta, dangi suka tafi da ita wajen Shanga. Ƙofar ba wanda ya taɓa ta har tafki ya cinye garin. Liman ya ce matacce ba ya dawowa, aljanar ruwa ce ta ari siffarta. Ni dai na san abin da ya taɓa min hannu.

Ina yi wa Yasira wanka na ga zare ɗaure a wuyan hannunta, baƙi, a jiƙe, da makulli a jiki. Tanimu ya yanke shi da wuƙa, ya haɗa da kwaɗon da nawa makullin, ya kai tsakiyar tafki ya jefa. Muka sa sakata mai kauri ta ciki, da sabon kwaɗo wanda na ƙirga makullansa a gaban Maikuɗi. Ban ƙara kulle ɗa a ɗaki ba, ko na minti ɗaya.

Na daina zuwa bakin ruwa, Ruth ke sayo min kifi. Yasira ta warke, ta yi ƙiba, ta fara tafiya. Tana kiran Tanimu Baba, tana kiran Ruth da sunanta. Ni kuwa na yi ta koya mata, "Ce Inna," sai ta kalle ni ta yi shiru.

Wata magariba ina goye da ita ina kwashe shanya, na ji ta zabura a bayana. Ta miƙa hannuwa biyu ta saman katanga, wajen da tafki yake, tana dariya.

"Inna!" ta ce. "Inna ta zo."