Bishiyar da Ba Ta Sami Mai Roƙo Ba

Zumreta tana kan darduma, a raka'ar ƙarshe ta magariba, ta ji saran gatari daga bayan gida. Sara ɗaya, sai shiru. Tun kafin ta sallame ta san abin da mijinta ya aikata, don ta zauna da Shefik tun gashinsa yana baƙi, kuma wautarsa ba ta taɓa zuwa mata da sabon salo ba.

A ƙauyukan Gradachas, gidan da babu bishiyar shiliwa a bayansa ba a lissafa shi cikin gidaje. Idan kaka ta yi, rassa kan sunkuya da 'ya'ya masu duhu kamar ɗinya, a busar da wasu a ɗakin hayaƙi, a dafa wasu har su yi kauri, a ci da burodi duk tsawon sanyi. Ta gidan Shefik kuwa ganye kawai ta iya. Shi ya dasa ta, ya cika ƙauye da labarin kyan irinta, ita kuma shekara da shekaru ko fure ba ta ga damar yi ba.

Maganin wannan kowa ya san shi. Kafin sanyi ya fita, maigida kan ɗauki gatari ya tsaya a kan bishiyar yana zaginta, yana rantsuwa yau zai kwantar da ita. Sai wani na gida ya riƙe masa hannu, ya ce a bar ta, bana za ta haihu. Bishiya ta tsorata, ta kuma ji tana da mai sonta, sai ta yi 'ya'ya. Aikin mutum biyu ne. Amma ina Shefik zai yarda maƙwabta su ga mace ta riƙe masa hannu? Ya bari duhu ya fara sauka, ya fita shi kaɗai, ya yi zagin, ya ɗaga gatarin. Da bai ji mai cewa bari ba, girman kai ya hana shi sauke hannu haka kawai, sai ya sauke shi a jikin bishiyar.

Da Zumreta ta tambaye shi wane mai hankali ne ke sara da magariba, cewa ya yi, "Itace ne fa. Gidan nan ya cika da masu ci ba sa haihuwa."

Ya faɗa ne a kan kunnen 'yarsu Shuhra, wadda dangin mijinta suka dawo da ita bara saboda ba ta haihu ba. Ranar da suka kawo ta, Shefik gahawa ya sa aka dafa musu, ya ce ya fahimce su.

Washegari da magariba jifa ya fara. Abin yana faɗowa a kan rufi ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Zumreta ta fita da fitila ta tsinta. Ƙwallayen shiliwa ne, jiƙaƙƙu, kamar yanzu aka tofar da su daga baki, a gidan da bishiyarsa ba ta taɓa haihuwa ba. Daga wajen bishiyar kuma ana jin tarin tsohuwa.

Shefik ya ce yaran maƙwabta ne. Bai dai fita ya kore su ba.

Sai Shuhra ta fara ɗingishi. Wani jan layi ya fito a ƙaurinta, daidai tsayin inda gatari ya shiga bishiyar. Ta daina cin abinci. Rana na faɗuwa za ta je gindin bishiyar ta zauna a kan ragowar ƙanƙara, in an kira sunanta ta waiwayo da idon da bai san kowa ba. Zumreta ta ga 'yarta tana tafiya tana barin gangar jiki a baya, tsoro ya kama ta ƙwarai. Ba ta nemi izinin kowa ba, ta yafa mayafi ta je ta ɗauko Junuz-efendi, tsohon malamin da aka sani da wannan aiki.

A gindin bishiyar ya sami Shuhra, maƙwabta sun jeru a jikin shinge. Ya zauna ya fara karatu, bai ɗaga murya ba. Can sai bakin Shuhra ya buɗe, muryar tsohuwa ta fito, busasshiya.

Ta ce a kan saiwar nan take zaune tun ba a gina gidan ba. Su aljanun bishiya sun saba da wasan gatarin mutane, sukan ji zagin su yi dariya, mai roƙo ya yi roƙo, su saki 'ya'yan. Wannan sakaran ne kaɗai ya zo ba mai roƙo, ya sare mata ƙafa. Don haka ta ɗauki abin da ta ga ba ya so a gidan.

Malam ya ci gaba da karatu har ta yi ƙara, sannan ya tambaye ta me za ta karɓa ta fita.

"A ƙarasa wasan," in ji ta. "Yanzu gatarin a hannuna yake. Wa zai riƙe ni?"

Zumreta ta yunƙura. Tsohuwar ta ce ba ita ba, shi. Aka shiga aka fito da Shefik daga bayan murhu. Ya dubi shinge, ya ga duk idon da ya guje wa ranar nan, har da ƙari. Ya kama hannun 'yarsa da yatsa biyu, ya ce a ciki-ciki, "A bar ta, bana za ta haihu."

Tsohuwar ta yi dariya har da tari. "In ba ta haihu ba fa, maigida?"

Hannun Shuhra yana ta sanyi a cikin nasa, kanta ya fara langaɓewa. Sai da ya ji tana zamewa da gaske, gwiwoyinsa suka kai ƙasa.

"A bar ta ko ba ta haihu ba. 'Yata ce. Don Allah a bar mini ita."

"Ku ji fa," in ji tsohuwar. "Sai da aljana ta matse uba ya faɗi wannan." Ta yi tsaki, ta yi wa malam rantsuwa ba za ta dawo ba, Shuhra ta yi atishawa ta faɗi a jikin uwarta.

Jifa ya tsaya. Shuhra ta warke, sai dai ba ta tuna komai na wannan yammacin ba. A bakin matan ƙauye ta ji labarin, ta zo ta tambayi uwarta ko gaskiya ne Baba ya faɗi haka. Zumreta ta ce ta je ta ji daga bakinsa.

Shuhra ta same shi a tsugune yana liƙe saran da yumɓu, yana naɗe shi da tsumma, yana lallaɓa bishiyar. Ta tsaya a kansa ta yi tambayarta. Bai ɗago ba, ya ce ta miƙo masa igiya.

Duk ƙauyen sun ji maganar nan da kunnensu. Shuhra ce kaɗai ba ta ji ba, kuma Shefik bai sake faɗa ba.