Ƙararrawar Pine Hollow

"Ina makullin, Thaddeus?"

Odessa ta tsaya a ƙofar ofishinsa, idanunta sun kaɗa sun yi jawur.

"Wane makulli kuma, abar ƙaunata?"

"Kada ka ƙara kirana haka! An sace mana ƙararrawa, Prudence tana ta yaɗawa wai ni na ba saurayina makullin hasumiya!"

Kwalejinta Pine Hollow da tasa Ashby Creek kogi ɗaya ne ya raba su a duwatsun jihar Kentucky ta Amurka, amma gabarsu tun kaka da kakanni. Duk shekara kafin wasan ƙwallo, ɗaliban Ashby kan yi dabarar sace ƙararrawar Pine Hollow, ba a mayarwa sai an tashi wasa. Tsofaffin banza masu furfura har tafi suke yi wa wannan shirmen!

Bana kuwa talauci ya ƙure duka biyun. Wata gidauniya ta ce za ta ba da tallafi, amma sai in sun haɗa kai sun buɗe sashen koyar da aikin jinya guda. Odessa da Thaddeus aka ɗora wa aikin, a nan soyayya ta ƙullu. In tallafin ya kuɓuce, sashen da Odessa ke koyarwa rufe shi za a yi.

Sai ga satar ta faɗo ranar da wakiliyar gidauniyar ta zo gani da ido!

Prudence, mataimakiyar shugaban Pine Hollow, wadda ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Thaddeus, ta ja matar gefe tana murmushin mugunta.

"Kin ga irin haɗin kan namu ko?"

Matar ta ce da yamma za ta koma, ba ta ga abin tallafawa ba.

"Na rantse ba hannuna," in ji Thaddeus, yana kallon Odessa da ke tsaye a ofishinsa.

"To dawo da ita yau."

"Kafin wasa? Odessa... ba a taɓa yi ba. Mutanena cinye ni za su yi ɗanye."

"Ashe tsoronsu ya fi sona."

Ta zare zobensa ta dire a kan tebur.

A gida mahaifiyarta Verna, da ta ƙare ƙuruciyarta a kicin ɗin Pine Hollow, ko kallonta ba ta yi ba.

"Ban gaya miki ba? Ɗan Ashby ko wainar masara ya miƙo miki, ki shinshina tukuna. Su can abincinsu ba zai yanke ba, ke ce za ki tashi a tutar babu!"

Odessa ta kifa kai tana kuka...

Rana ta karkata sai ihu ya cika gari, Odessa da Verna suka fito da gudu zuwa bakin kwalejin. Wata tsohuwar a-kori-kura ta hauro gada, ƙararrawar na rangaji a bayanta, 'yan Ashby na biye suna jifanta da ƙwai.

"Maci amana! Mijin-ta-ce!"

Thaddeus ya sauko daga motar, gwaiduwa na bin gemunsa. Wakiliyar, da har ta buɗe ƙofar motarta za ta tafi, ta mayar ta rufe, ta ce a kai ta ta ga ɗakunan karatun. Prudence ta sulale.

"Sun kore ni, Odessa," ya faɗa a hankali. "Aikin da muka gina tare, wani za su ba."

"Wayyo masoyina... ni na jawo maka!"

"Ki dai ce har yanzu za ki aure ni."

Ta faɗa ƙirjinsa, ƙarnin ƙwai bai dame ta ba.

Verna ta matso tana harararsa sama da ƙasa, ta ja dogon tsaki.

"Ba aiki, ba dangi, sai ƙarni. To surukina, wuce gida ka yi wanka. Tunda su sun zubar, mu mun ɗauka."