Murya ta Huɗu a Waƙar Daka

Tun da mijinta ya rasu, Hure ita kaɗai ce a gidan nan na Gaya. 'Yarta Zulfa tana Kano tana digiri na biyu a sashen Hausa, sai hutu ke kawo ta. Wannan karon aiki ne ya kawo ta. Saura mako guda 'yan ajinsu su baje kolin ayyukansu a jami'a, nata kuwa waƙoƙin daka ne guda goma sha biyu, waɗanda ta bi tsofaffin ƙauyen Toranke ta naɗa a waya.

Ranar Laraba, gab da magariba, Hure na tankaɗe, Zulfa ta kunna mata ta ƙarshen. Ta ce tsofaffi uku ne suka rera ta a wani kango bayan gari. Hure ta kasa kunne. Murya huɗu ta ji. Ta huɗun siririya ce, tana bin sauran a baya kamar mai tsoron a kore ta.

Kafin ta buɗe baki, dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Wani ya biyo shi. Ta leƙa waje, lungu ba kowa.

Kwana uku ana haka. Zulfa ta daina cin abinci. Da rana ta yi ja sai ta je ta rungume turmi, tana rera baitin da babu shi a wayar. Maƙwabta suka ɗauke ƙafa. Hure ta aiki wani yaro ya kira Malam Ja'afar mai ruƙiyya.

Bayan la'asar ya iso. Ya daɗe yana karatu kafin jikin Zulfa ya sandare, siririyar muryar nan ta fito daga bakinta. Ta ce ba cuta ta kawo ta ba. A gidan da ya zama kango take zaune tun yana cike, matan gidan na daka safe da yamma, ita kuma tana yi musu amshi ba su sani ba. Injin niƙa ya zo, matan suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, soro ya rufta. Shekara arba'in ba ta ji ƙarar taɓarya ba, sai ranar da yarinyar nan ta zo.

“Ku bar ni ta tafi da ni Kano, in ga mutane.”

Malam ya ce jikin ba nata ba ne, fita za ta yi. Can muryar ta ce to a goge waƙar, kada baƙi su ji muryarta alhali ita tana kango. Malam ya dubi Hure. Ta san wannan ce waƙar da 'yarta ta fi ji da ita, ga shi mai ba da waƙar a cikin tsofaffin ukun ta rasu da damina.

“Na yarda,” in ji Hure.

Idon Zulfa ya juyo kanta, muryar ta sake fitowa. “Ke ma kin san yadda gida yake in ya yi shiru.”

Sai atishawa uku, jikin ya saki.

Zulfa da hannunta ta goge waƙar, tana hawaye. Ranar Talata ta koma Kano. Daga baya ta bugo waya ta ce an yi layi a teburinta, malaminta ya tambayi ta sha biyun, ta ce masa ta lalace.

Da ma Malam ya gargaɗe su kada a ƙara waƙa a gidan da almuru. Hure ta kiyaye. Amma yammacin ranar da Zulfa ta tafi, ga robarta cike da garin tuwo, ta ɗebi gero ta zuba a turmi. Ta yi ta daka a hankali, bakinta a rufe, har aka kira salla.